Ɗakin da Nake Zana wa Britta

Talata, 7 ga Fabrairu, da hantsi

Ina zaune cikin mota a filin ajiye motoci na asibiti, a Duluth. Matata Verna ta hau sama. Ta daina tambayata ko zan biyo ta. Jakarta kawai take ɗauka, ta ce in bar injin a kunne kar in daskare. 'Yarmu Britta tana hawa na biyar tun ranar Juma'a, ranar da ta yi hatsarin mota. Na hau sau ɗaya, ran Asabar. Na isa bakin ƙofa, na hango gadon, na juyo. Ban ce ba zan koma ba.

Na sayi wannan littafin zane a kantin da ke tsallaken titi. Gaba zane, baya rubutu.

Ɗakin gungume zan gina mata a ƙarshen lambunmu. Inda suke zaune ita da mijinta Colby a saman shagonsa ne, matakalar a tsaye take kamar tsani. Namu gidan kuwa mahaifina ya gina shi don sirarun mutane masu sauri: ƙofofi a matse, ɗakunan kwana duk a sama, banɗaki a lungu. Ba wanda zai yi mata a cikinsu. Sai dai sabo.

Bango huɗu. Rufi mai gangara sosai don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. Murhun ƙarfe a tsakiya. Ɗan soro a sama da tsaninsa, don tun tana ƙarama ba ta son kwana a ƙasa. Kusurwoyin in sassaƙa su su shige juna irin na mutanenmu, ba ƙusa ko ɗaya. Na iya. Ɗakin suracen da ke bayan gida ni na gina shi shekarar da aka haife ta, har yau iska ba ta ratsa shi.

Wata mata ta ƙwanƙwasa min gilashi, ta ce ko fita zan yi, wuri take nema. Na ce a'a.

Laraba, 8 ga Fabrairu, da rana

An sake shiga da ita ɗakin tiyata. Tagogi biyu ta kudu, ba ɗaya ba.

Juma'a, 10 ga Fabrairu, da yamma

Matan coci sun cika mana firji da kwanonin dankali da nama. Kowace ta liƙa sunanta a gindin kwanon. Ba wanda ke ci. Na ba karen maƙwabta abincin da Mrs. Aho ta kawo, shi ma ya shinshina ya yi tunani tukuna.

Na shiga lambu da tef ɗin awo da turaku. Ƙanƙara har cinya. Ƙasa ta ƙi karɓar turke, sai na caka su cikin ƙanƙarar na ja igiya. Wurin da ya fi samun rana shi ne inda itacen tuffar Verna yake. Na matsar da igiyar gabas, ta faɗa kan kunyoyin dankali. Na matsar yamma, inuwar ɗakin surace ta rufe tagogin. Na yi ta jan igiyar nan har yatsuna suka daina jin ta.

Da na shiga gida Verna na zaune a kicin, ba ta cire kwat ɗinta ba. Na ce mata wataƙila tuffar nan sai ta tafi.

Ta ce, "Sare. Sare duk abin da ka ga dama." Ta jima tana kallon kofin gabanta. "Ta farka sosai yau. Ta tambaya ina kake."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kana ƙasa kana gadin mota."

Na ce da kyau. Ban san me ya sa na ce da kyau ba.

Litinin, 13 ga Fabrairu, gab da faɗuwar rana

Na je wurin Duane Pelto. Tare muka yi aikin ma'adinai kafin ya bari ya koma gina wa mutanen birni gidajen gungume. Na same shi a rumfarsa yana wasa gatari.

Ya ce, "Arlen Saari. Ashe kana nan. Na ɗauka sai ƙanƙara ta narke za a tsinto ka." Ya zuba min kofi, irin nasa mai ɗanɗanon tsohuwar taya, ya karɓi littafin ya sa tabarau. "Har yanzu zanenka kamar kaza ta taka tawada. Wannan taga ce ko tabo?"

"Taga ce. Ka karanta awon, ba fuskar zanen na kawo ka yaba ba."

Ya karanta. Ya tsaya. "Bango inci ɗari biyu da arba'in? Wa ke awo haka? Mutane ƙafa ashirin suke cewa."

Na ce haka na ga dama.

Ya bi sauran shafin da yatsa, ya ga duk haka na rubuta, tsawo da faɗi da tsayi. Ya cire tabaran ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa. Da ya mayar, ya ɗauki fensirina ba tare da ya roƙa ba. Ya soke soron. Ya soke tsanin. Ya sauko da tagogin ƙasa. Ya faɗaɗa ƙofa, ya goge dokinta, ya zana da'ira a tsakar ɗakin.

Na ce, "Wannan fa?"

"Keken guragu na son wurin juyawa."

"Ban yi maka maganar keke ba."

"Duk garin nan an sani, Arlen."

Na tashi na je na duba wasu gumagumai da ya jera a waje, ɓararru, busassu, sun yi launin zuma. Ya biyo ni. Ya ce duk an yi alkawarinsu, kar ma in sa rai. Ya ce in sabo ne, a sare kafin ruwan itace ya hau, a ɓare da bazara, a bar shi ya sha iska shekara guda.

"Shekara? Duane, wata biyu aka ce za a sallame ta."

"Ka gina da ɗanye, bango zai yi ta zama yana danne ƙofa. Wata rana ta zo fita ƙofa ta ƙi buɗuwa, kai kuma kana can kana minshari."

Na ce ana barin sarari a saman ƙofa da taga, bango ya sauka cikinsa. Ya san haka, na san haka. Ya ce ana yi, amma shi ba zai sa hannu a komai ba sai ƙasa ta saki. Na riga na kai mota ya ɗaga murya daga rumfar: "Ita ta ga zanen?"

Na ce ba ta da lafiyar kallon zane. Ya ce, "Ka tambaye ta?" Na tada mota.

Laraba, 15 ga Fabrairu, da hantsi

Filin motoci. Na goge da'irar Duane. Na mayar da ita. Na goge har takardar ta huje. Na buɗe sabon shafi.

Murhun ne ya tsaya min. Wa zai riƙa kai itace? Ni, safe da yamma. In shimfiɗa katako daga ƙofar kicin zuwa ƙofarta, in riƙa share shi kafin ta tashi. Shekaruna sittin da bakwai. Kafaɗar hagu tana yi min ƙara in na ɗaga butar shayi. Zan iya shekara goma. Bayan goman fa.

A sa wutar lantarki a ƙarƙashin daɓe. A'a. In wuta ta ɗauke cikin Janairu fa. A sa duka biyun.

Alhamis, 16 ga Fabrairu, da rana

Zazzaɓin ya sauka, in ji Verna. Teburin kicin da na zana ya yi tsayi da yawa, na rage.

Asabar, 18 ga Fabrairu, da yamma

Colby ne ya dawo da Verna yau, don na ce mata ina da aiki a gida. Ya rame. Gemun ya fito masa ba tsari. Ya hango turakun ta tagar kicin ya ce wannan fa, sai na fita da shi lambu na nuna masa. Na buɗe littafin a kan murfin rijiya. Na nuna masa ƙofar, da yadda rana za ta shigo da safe, da inda gado zai tsaya. Gadon mutum biyu na zana, ya gani da idonsa. Ban cire shi ba.

Ya daɗe yana dubawa. Yaron yana da ladabi, ban taɓa cewa ba shi da shi ba.

Ya ce, "Ya yi kyau, Arlen. Gaskiya ya yi kyau. Sai dai mun fara duba gidaje a Duluth, kusa da inda za ta riƙa zuwa gashi da motsa jiki. Na ƙasa, marasa matakala."

"Ku wa?"

"Ni da Britta."

"Britta ba ta cikin hankalin da za ta zaɓi gida."

"Tana cikin hankalinta sarai. Jiya sau uku ta cinye ni a karta, har da yi min gwalo."

Daga nan ne na faɗi maganar. Na ce tun kafin sanyi ya shigo na gaya masa tayoyin ƙaramar motar sun suɗe, ya ce zai canja, zai canja. Na ce wanda ya kasa canja taya huɗu ba shi zai zaɓa wa 'yata inda za ta kwana ba.

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya rufe min littafin a hankali don ƙanƙara ta fara sauka a kansa, ya miƙo min.

Ya ce, "Na sani. Ba safiyar da ba na faɗa wa kaina haka tun kafin in buɗe ido. Amma ni ina shiga ɗakin da take kwance."

Ya tafi bai shiga ya yi wa Verna sallama ba. Ta gan mu ta taga. Ta kwashe faranti ɗaya daga tebur ta mayar.

Lahadi, 19 ga Fabrairu, da safe

Fasto ya ambaci sunanta a addu'a, kawuna suka juyo. Na fita ta ƙofar gefe.

Talata, 21 ga Fabrairu, da rana

Waya ta yi ƙara ina cikin mota. Sunanta ne a kai. Na bar ta ta katse. Ta sake. Na ɗauka.

"Baba."

Muryar ta sirance, amma tata ce. Na ce ya jiki, ban jira amsa ba. Na fara ba ta labarin ɗakin. Na gaya mata tagogin kudu. Na gaya mata kusurwoyin, da itatuwan fayin masu jan ɓawo da ke gonar kakanta, miƙaƙƙu, ba reshe sai can sama. Na gaya mata yadda zan bar sarari a saman ƙofa. Na ji bakina yana ta tafiya kamar famfon da ya lalace, na kasa rufe shi. Ita kuma tana saurare, ina jin wata na'ura tana ƙara a bayanta.

Da na tsaya shan iska ta ce, "Baba, kana ina yanzu?"

Na ce ina gida.

"Ina ganin rufin motarka daga tagata. Jar a-kori-kura, kusa da fitilar titi, hayaƙi na fita ta baya. Kullum ina ganinta. Sun matso min da gado jikin taga don haka."

Na sauke kai na dubi littafin.

"Ka hau."

Na ce bari in gama wannan shafin.

Ta kashe wayar.

Na zauna hannuna a kan sitiyari. Ban ɗaga kai na duba tagogin ba. Can na sa giya na zagaya da motar bayan ginin, wajen da ake ajiye kwandunan shara, inda ba taga. Na rubuta wa Verna inda za ta same ni.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, da safe

Verna ta haɗa akwati. Za ta zauna wurin 'yar ƙanwarta a Duluth, ta ce ta gaji da hanya. Na ce ai ni nake tuƙin. Ta ce shi ne abin da ta gaji da shi.

Ta tsaya a ƙofa da akwatin. Shekara arba'in da aure. A hankali ta yi magana.

"Ta yi kuka ran Talata. Duk abin da suka yi mata a ɗakin nan ba ta yi kuka a gabana ba. Sai da ta ga motarka ta tashi."

Na ce ina yi mata abin da zai amfane ta ne. Na ce wani ya yi tunanin inda za ta zauna, tunda kowa ya tsaya riƙe mata hannu.

"Arlen, ba wanda ya roƙe ka ɗaki."

Ta yage shafuka uku na zanen daga littafin nan, ta ninke ta sa a jaka. Na ce ina za ki kai. Ta ce inda mai zanen ya kasa kai kansa. Colby ne ya zo ɗaukarta. Bai fito daga mota ba.

Juma'a, 24 ga Fabrairu, da yamma

Gidan ya yi girma. Na sake zana shafukan ukun daga ka. Na wasa sarƙar injin yanka itace.

Asabar, 25 ga Fabrairu, da yamma

Gonar mahaifina. Hanyar ta toshe, na bar mota a bakin titi na ɗora kaya a kan faffaɗan katako na ja bisa ƙanƙara. Na zaga ina shafa itatuwa, ina sa wa miƙaƙƙun alama da jan fenti. Na kayar da na farko kafin rana ta yi tsaka. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza, ƙanƙara ta tashi fari fat, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar Juma'ar nan. Na tsaya ina haki ina jin daɗin, sai kunya ta kama ni, sai na nufi na biyu.

Britta ta fi ni sanin dajin nan. Aikinta ke nan, ma'aikaciyar gandun daji ce, yini take tana yawo cikinsa. A da take yi. Har yanzu tana yi. Ban san wanne zan rubuta ba.

Litinin, 27 ga Fabrairu, da yamma

Na sare, na sassabe rassa, na sare. Kafaɗar ba ta ɗaguwa sama da ƙirji. Na ɗaure ta da tsohon gyalen Verna. Duane ya kira, ya ce an ga motata a bakin gona, ya ce in ni kaɗai nake wannan aikin to hankalina ya bi ruwa. Na ce in yana da taimako ya zo da injinsa, in surutu ne ya kai kanti. Ya ce, "Tsohon banza," ya ajiye.

Ba ta sake kira ba. Na duba.

Laraba, 1 ga Maris, da safe

Iska ta juya, ɗumi na shigowa. In ruwan itace ya hau shi ke nan. Sai na ƙara sauri.

Alhamis, 2 ga Maris, da yamma

Ba ta kira ba. Verna ba ta kira ba. Na ci dankalin wata mata a tsaye, ban duba sunan ba.

Lahadi, 5 ga Maris, da rana

Ina rubutu a kwance, littafin a jingine da matashi. Hawa na uku. Asibiti ɗaya ne.

Ran Juma'a na yanki wani babban itace, maimakon ya faɗi sai ya kwanta kan na kusa da shi ya maƙale. Kowane yaro a ƙasar nan ya san abin da ake yi: a bar shi, a je a nemo igiya da mutum. Ni rana nake kallo. Na shiga ƙarƙashinsa na fara yankan wanda ya tare shi. Ban tuna ƙarar ba. Na tuna ina kwance ina kallon sama, ina jan numfashi yana ƙin zuwa, injin kuma yana can gefe yana ta aiki shi kaɗai.

Duane ne ya same ni. Ya zo da injinsa, kamar yadda na ce. Ya ce da ya tsaya shan kofi na biyu da yanzu ana neman masu ɗaukar akwatin gawa, kuma da bai shiga ciki ba don na yi masa nauyi. Yana faɗa yana riƙe da ƙarfen gadon.

Haƙarƙari biyar, ƙashin kafaɗa, huhu ɗaya ya huje. Akwai bututu a gefena. Ba na iya juyawa, ba na iya tari, ba na iya tashi sai da mutum.

Verna ta shigo jiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gyara min bargo da ƙarfin da ya sa na ga taurari. Ta ce, "Yanzu ina da biyu." Ta zauna ta riƙe hannuna har ta tafi.

Litinin, 6 ga Maris, da yamma

Colby ya kawo min tabarau da silifas daga gida. Ya ajiye ya juya. Na ce, "Colby, maganar tayoyin nan." Ya tsaya, bayansa gare ni. Ya ce, "Bari, Arlen. Ba yau ba." Amma ya dawo ya cika min kofin ruwa ya matso da shi inda hannuna zai kai.

Hawa biyu ne tsakaninmu. Duk takun da na ji a waje sai in kalli ƙofa.

Talata, 7 ga Maris, da yamma

Ba taku na ji ba. Wani abu ne ya daki ƙofar, aka zagi ƙofar da muryar da na sani, aka ja baya aka sake gwadawa. Ta shigo da kanta tana tura tayoyin da hannuwanta. An aske mata gefe ɗaya na kai. Rigar aikinta ce a jikinta, koriyar, da bargo a cinya.

Ta ce, "Sannu, tsoho. An ce itace ya yi maka duka."

Na nemi in juya fuskata bango. Haƙarƙarin suka ƙi.

"Juya mana. Ba za ka iya ba. Sai da na tambayi nas kafin in sauko." Ta matso har keken ya taɓa gadon, ta danne birki. "Itace ya maƙale, ka shiga ƙarƙashinsa. Ina 'yar shekara tara ka kusa tsinke min kunne a kan haka."

Na ce rana ce ta yi ƙasa.

"Rana." Ta girgiza kai. Ta zaro shafukan nan uku daga aljihu, sun yamutse, ta ajiye min a ƙirji. "Na gani. Kusurwoyin sun yi kyau. Ba zan zauna a ciki ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ina da miji. Ina da aiki, sun ce suna jirana, ko da a tebur ne a farko. Ba zan koma bayan gidanku ina kallon Mama tana shanya ba, kai kuma kana leƙo ni ta taga da itace a hannu kamar ka ajiye zomo. Mun samu gida. Mummuna ne, bangonsa ruwan hoda. Can za mu."

Na ce na riga na sare itatuwan.

"In ka warke ka gina abinka ka zuba kayan kamun kifi. Ko ka ba Duane, ai ya ci ladansa."

Na daɗe kafin maganar ta fito, kuma da ta fito ba ta fito daidai ba, saboda bututun da saboda wani abin. Na ce, "Ban san me zan yi miki ba, Britta. Shi kaɗai na iya."

Ta ce, "Na sani. Ban ce ka yi komai ba. Cewa na yi ka hau."

Sai ta kama bargon ta yaye, ta jefa shi kan kujera.

"Duba. Ba fuskata ba, Baba. Ka san fuskata. Nan."

Na duba.

Ƙafafun 'yata babu. Ta dama ta ƙare ƙasan gwiwa, ta hagu ba ta kai gwiwar ba. An naɗe su da bandeji mai ruwan ƙasa. Ƙanana ne, sun fi yadda na zata ƙanƙanta. Na yi kuka, kukan ya riƙa caka min wuƙa a gefe, ina kuka ina cewa wayyo, ita kuma ta fara dariya tana share nata idon da bayan hannu, tana cewa in yi a hankali kar bututun ya fice a ce ita ta kashe ni.

Da muka lafa ta ce yatsun hagun na yi mata ƙaiƙayi tun safe, ga shi ba inda za ta sosa. Ta ce likita ya ce zai ragu. Na tambaye ta ko akwai zafi. Ta ce sosai. Ba ta rage min komai ba, ni ma ban kau da kai ba.

Bandejin dama ya sassauta wajen kokawarta da ƙofa. Ta ɗago dungulmin da hannu biyu ta ɗora a gefen gadona, kusa da hannuna mai lafiya. Ta warware shi har ƙarshe. Na ga ɗinkin. Fatar da ɗumi.

Ta ce, "Ni zan riƙe bakin, kai ka zagaya. Ka matse ta ƙasa, ka sassauta kana hawa. A karkace, ba a miƙe ba."

Na zagaya da hannu ɗaya. Na gama na ce ya yi?

"Kamar ka ɗaure buhun dankali. Warware."

Na warware, na sake. Ta ce ya fi, amma akwai ninki a baya, zai ci mata fata. Na warware. A karo na uku ta bi shi da yatsa daga ƙasa har sama ba ta samu ninki ba. Na zo janye hannuna, ta ɗora nata a kai ta danne shi a wurin.

Haka nas ta same mu da ta zo auna min zafin jiki. Ta ce ana neman Britta a sama tun ɗazu. Britta ta ce su jira.